Jinjina ga Mai Wili Inci 22

Ɗan wana ya yi mota, kuma ba irin tamu ta kai yara makaranta da ɗauko buhun masara ba. Ford Mustang ce ƙirar 2015, baƙa wuluk, ƙofa biyu, inji mai silinda takwas da ƙarfin doki 435. Daga Amurka ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Legas, aka ɗoro ta a tirela zuwa Kano. Ranar da ta iso har da ni a 'yan kallo. Na shafa bodinta, na ce Allah ya tsare, ya sa a mora lafiya, na koma gida ina ganin magana ta ƙare. Ashe ni ne ba ni da ido. Ko sati biyu ba ta yi a hannunsa ba ya hango wani aibi da kamfanin Ford da injiniyoyinsa kaf suka kwana a kai ba su gani ba: ƙafafun motar sun yi mata ƙanana.

"Baffa, don Allah kalli nan," in ji shi, yana taɓa tayar da tsinin takalmi. "Wili 18 a wannan motar? Ai kamar a naɗa wa ango rawani ne a ba shi silifas ɗin banɗaki."

Tun daga ranar na san gidanmu ya haifi mutum. Yabon gwani kuwa ya zama dole, ko da gwanin ɗanka ne.

Abin da ya fara burge ni shi ne 'yancin tunaninsa. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai wata 'yar takarda da kamfani ya manna, an rubuta girman tayar da ta dace da motar da yawan iskar da za a ba ta. Yaron nan sau goma yake buɗe ƙofar a rana, amma bai taɓa ƙasƙantar da kansa ya sunkuya ya karanta ba. Ni da ba ni da zuciya na sunkuya. An rubuta 235/50 R18. Ga masu rauni irina, ma'anar ita ce faɗin tayar milimita 235 ne. Tsayin gefenta, wato naman robar da ke tsakanin bakin wili da kwalta, kashi 50 cikin ɗari ne na wannan faɗin, kusan milimita 118 ke nan. 18 ɗin kuma faɗin wilin ne da inci. Idan ka haɗa wilin da robar sama da ta ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kama milimita 692. A jikin tayar kanta akan ƙara lamba da harafi, kamar 97W, wato kowace taya za ta ɗauki kilo 730 kuma za ta jure gudun kilomita 270 a sa'a. A kan wannan 692 ɗin aka auna komai na motar: giya, maleji, birki, sifirin, shakazoba, har da sararin da aka bari a cikin madigadi don taya ta yi sama ta yi ƙasa ba ta taɓa ƙarfe ba. Masu lissafi suna cewa in za ka sauya wili, to duk abin da ka ƙara a ƙarfe ka rage shi a roba, yadda tsayin ƙafar ba zai kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba. Kamfanin da kansa yana sayar da motar da wili 19 da taya 255/40, wanda in ka buga ya ba ka 687. Ko 20 mutum yake so, 265/35 ya ba shi 693, kamar an gwada. Duk wannan na bayyana wa ɗana da biro a bayan katin ɗaurin aure. Ya saurare ni da ladabi, don yaron akwai tarbiyya, sannan ya ce, "Baffa, ai lissafi na 'yan makaranta ne. Mota ido ce."

Ka ji hikima! Shekara nawa Turawa suka ɓata suna zagaya filin gwaji da kwamfuta a kujerar gefe, ga shi yaro ya taƙaita musu ilimin a kalma uku.

Na raka shi kasuwar kayan mota ranar sayen wilin, don in ga tarihi da idona. A can cikin wata rumfa aka fito da su guda huɗu, inci 22, suna walƙiya kamar sabuwar tasa a ɗakin amarya. Mai kayan ya ce daga jikin wata Dodge aka kwance su. Bakaniken da muka tafi da shi, dattijo ne mai furfura a gemu, ya juya ɗaya ya duba bayansa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji ƙarami, wannan ba na motarka ba ne." Mai kaya ya yi dariya ya ƙirga ramukan da yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. "Taka nawa ne? Biyar. To ina rigimar? Dukansu 'yan Amurka ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Rigimar da dattijon yake nufi 'yar ƙarama ce, har kunya ta sa ban so in faɗa. Kusoshi biyar na ƙafar Mustang suna zaune ne a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, ramukan wilin Dodge kuma a kan da'ira mai 115. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba. Wili zai shiga, noti zai ɗauru, ido ba zai ga komai ba. Sai dai kowane noti zai zauna a ɗan karkace, yana jan kusarsa gefe, kuma duk juyin da taya ta yi sai kusar ta ɗan lanƙwasa ta dawo, kamar yadda ake yi wa waya in ana so a tsinka ta ba almakashi. Ga kuma ramin cibiya, wanda shi ne yake zaunar da wili daidai a tsakiya: na Dodge 71.5, cibiyar Mustang 70.5. Akwai wani ɗan zobe da ake sakawa ya cike wannan giɓi, kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba. Ɗana ya ce shi ba ya son ƙananan abubuwa. Mutumin da ya sa inci huɗu a gaba ina shi ina tsayawa neman milimita ɗaya? Babban mutum ba ya tsintar allura.

Wajen ɗaurawa ma an yi abin a zo a gani. Akwai wata sifana mai geji da ake ɗaure noti da ita, in ya kai ƙarfin da kamfani ya ce sai ta yi ƙas, a tsaya. Mu ba mu wahalar da kanmu ba. Aka zura dogon bututun ƙarfe a sifana, wani yaron gareji ya hau kai da ƙafa biyu ya yi tsalle sau uku, notin ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, kowa ya ce ma sha Allahu, ya ɗauru. Tun daga ranar, da zarar motar ta kai gudun 100 sai sitiyari ya kama karkarwa a hannu kamar mai zazzaɓin dare. Wasu suna biyan kuɗi a yi musu tausa. Shi tasa a cikin mota take, kyauta, kuma tana kaiwa har kafaɗa.

Da aka sauke jak sai wani alherin ya bayyana. A bayan kowane wili akwai haruffa biyu, ET, da lamba a gabansu, ita ce take faɗin yadda wilin zai nutse cikin madigadi ko ya turo waje. Na Mustang yana wajen 40, na irin waɗannan Dodge ɗin wajen 20, ga shi kuma sababbin sun fi faɗi. Sai ƙafafun suka leƙo waje kamar haƙoran da leɓe ya kasa rufewa. Ɗana ya ja da baya, ya rungume hannu, ya ce, "Yanzu ta tsaya da ƙafarta." Gaskiya ne, ta tsaya. Tafiyar ce dai ta zo da magana, don da aka murɗa sitiyari sai taya ta cije leɓen madigadi, ta yage robar da ke lulluɓe da cikinsa. Nan ma ba a rasa dabara ba. Aka yanke robar da wuƙa aka jefar, aka kawo guduma aka lallashi leɓen ƙarfen har ya kwanta, fentin wajen ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Duk da haka sitiyarin ba ya kaiwa ƙarshe sai an ji gurrr. Saboda haka juyawar da ɗan adaidaita sahu yake yi a numfashi ɗaya, ɗana sai ya yi gaba, ya yi baya, ya sake yin gaba, mutane suna ta hon, shi kuwa ko a jikinsa, don ya san duk wanda ya tsaya dole ya kalli wilin. Boris ɗin ƙafafun, da nauyi ya koma yana danna su ta gefen da ba a shirya musu ba, sun fara wani kuka tun wata na uku. Yana ƙara sautin rediyo.

Sai taya. A nan ne yaron ya nuna cewa shi ba almubazzari ba ne. Sabuwar taya inci 22 kuɗinta ya fi albashin malamin firamare, kuma tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, da kuɗin waje. To shi sai ya nufi 'yan Baljiyam. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigo da su, abin da ya sa ba a samun su ko'ina sai a kowace kasuwa. Ba a samu huɗu iri ɗaya ba, amma an samu biyu-biyu: gaba 255/30, baya 265/35. Mai kaya ya ce ai haka ma manyan motocin tsere suke, na baya ya fi na gaba. Bai yi ƙarya ba, sai dai su faɗi ne yake bambanta, tsayin kuwa a kusa yake, ko kuma an gaya wa kwamfutar motar tun daga masana'anta. Namu na gaba tsayinsu 712, na baya 744. A kowace ƙafa akwai na'urar da take ƙirga juyin taya tana kai wa kwamfuta rahoto, don ta san lokacin da wata ƙafa ta zame ta kawo ɗauki da birki. Yanzu kullum rahoton da take samu shi ne ƙafafun gaba suna gudu fiye da na baya da kashi huɗu da rabi cikin ɗari. Baiwar Allah ta rikice, ta kunna fitilun gargaɗi a gaban direba, rawaya nan, rawaya can, kamar gidan biki. Ɗana ya magance matsalar da baƙin salatif, ɗan guntu a kan kowace fitila. Likitoci su zo su koyi aiki: ga ciwo an warkar ba allura.

Na tsuguna na duba tayoyin bayan nan da kyau, don zanensu ya burge ni, ga haƙora zaƙo-zaƙo da 'yan tsage-tsage sirara. A gefe na ga hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a cikinsa. Tayar hunturun Turai ce, an haɗa robarta da laushi don ta kama hanya in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. An kawo ta garin da a watan Afrilu zafi yake haura 40 a inuwa, kwalta kuwa ba a magana. Wato dai ɗana shi kaɗai ne a Kano ya shirya wa ranar da ƙanƙara za ta rufe titin Zariya. Ranar duk za mu zo neman alfarma.

Kusa da hoton dutsen akwai wani dogon rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. Tamu ta ce 2314: mako na 23, shekarar 2014. Ta girmi motar. Roba kuwa tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, tana bushewa daga ciki, zane yana nan ƙalau amma riƙon ya tafi. Kamfanonin taya da kansu suna cewa in ta shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a sauke ta ko da kyanta, jami'an kiyaye haɗurra na ƙasar nan ma ba sa jiran ta kai haka. Na tuna masa da Paul Walker, ɗan wasan fina-finan tseren motar nan da ɗana da abokansa suka haddace tun suna sakandare. A watan Nuwamban 2013 ya mutu a Kalifoniya cikin Porsche Carrera GT, abokinsa yana tuƙi, kuma masu bincike sun ce gudu ne ya yi yawa, suka kuma tarar tayoyin motar sun shekara tara. Ɗana ya girgiza kai cikin jimami, ya ce, "Allahu akbar. Baffa, ai kwana ne ya ƙare." Dubi tauhidi a wurin ƙaramin yaro. Ni da nake ta ƙirga makonni a jikin roba sai na ji kunyar raunin imanina. Abin da ban samu bakin tambaya ba shi ne ko mai tallan gyaɗar da ke tsallaka titi da ɗan acaɓan da ke gefensa su ma an shawarce su kafin a yi wannan tawakkali da su.

Iska kuwa mai faci ne ya yanke hukunci. Takardar ƙofa ta ce talatin da 'yan kai. Mai faci ya duba gefen tayar ya ga an rubuta 50, wanda shi ne iyakar abin da za ta iya ɗauka kafin a shiga haɗari, ya ce to ga abin da Bature ya ce. Ya ba ta 50 cif, ya buga mata sifana ta yi ƙau, ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ko ƙusa ta gan ta sai ta kauce." Tayar ta kumbura ta tsaya a kan tsakiyarta kamar mai ɗage, gefe da gefe ba sa taɓa ƙasa sosai. An sayi faɗi da tsada, an kuma ɗage shi daga kwalta don kada ya yi datti.

Masu hassada za su ce motar ta rage gudu. Ta rage, kuma sai me? Wili 22 da tayarsa ya fi na asali nauyi da kilo da yawa a kowace ƙafa, kuma nauyin ƙafa ba kamar na buhu a but ba ne. Shi sifirin bai ɗauke shi ba, shi ne yake dukan sifirin daga ƙasa. Inji sai ya juya shi kafin mota ta motsa, birki sai ya tsayar da juyinsa kafin mota ta tsaya. Wanda ya taɓa gudu da takalmin roba na damina cike da laka ya san zancen. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta ɗauki Volkswagen Golf guda ɗaya ta yi ta sauya mata wili daga inci 15 har 19, ta tarar da mafi girman motar ta ƙara nauyin tashi, ta kuma ƙara shan mai da kusan kashi 10 cikin ɗari. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa yake neman hanyar tsimi, ɗana ne kaɗai ya tsaya wa masu gidan mai a lokacin da jama'a suka juya musu baya.

Kuma in ka bi tarihin masu ƙera motar gudu sai tausayinsu ya kama ka. Ferrari F40 ta 1987, wadda har yau ake rataya hotonta a bango, wili 17 gare ta. McLaren F1, da ta yi gudun kilomita 386 a sa'a a 1998, ita ma 17. Mazda MX-5 ta farko, ta 1989, da inci 14 ta fito ba kunya, kuma masu tuƙi suka yi ta yabonta a kwana. Toyota 86 ta 2012 da siririyar taya 215/45 R17 aka sake ta, da gangan, wai don direba ya riƙa jin abin da hanya take gaya masa. Motocin Formula 1 kuwa, waɗanda ba su da wani aiki a duniya sai gudu, a kan wili inci 13 suka yi ta tsere shekara da shekaru, sai a 2022 suka koma 18. Lewis Hamilton ya ci kambun duniya sau bakwai, duka a kan inci 13, wilin da ko a motar koyon tuƙi ɗana ba zai yarda a gan shi da shi ba. Da ya samu mai ba shi shawara irin ta gidanmu, wa ya san inda zai kai?

Don kada a ce na ɓoye gaskiya, akwai motocin gudu na yanzu da suke fitowa da manyan wili. Porsche 911 Carrera S tana zuwa da 20 a gaba, 21 a baya. Amma su dalilinsu na talakawa ne: faifan birkinsu ne ya yi girma har sai babban wili zai rufe shi, sannan aka auna sifirin da shakazoba da komai a kan hakan, aka kuma zuba kuɗi wilin ya zama marar nauyi. Buƙata ce ta sa su. Ɗana kuwa ba buƙatar komai, tsabar ra'ayi ne. In ka leƙa ta tsakanin ƙarafan wilinsa za ka hango faifan birkin can ciki, ɗan ƙarami, shi kaɗai, kamar kwabo a tsakiyar faranti.

Har maleji ya koya wa kawaici. Da tayar asali, juyi ɗaya yana cin hanya mita 2 da santimita 17. Da ta bayan nan ta yanzu, mita 2 da santimita 34. Maleji juyi yake ƙirgawa, ba wanda ya gaya masa an yi sauyi. In ya nuna 100, motar tana kan 107 da ɗoriya. In ya nuna 120, tana dab da 130. Ba ya faɗin duk abin da ya sani, kamar surukin kirki.

Ranar da na fi ganin darajar wilin nan ita ce wata Asabar cikin watan Agusta, da ya ɗauke ni za mu gaisuwar rasuwa a bayan gari. An kwana ana ruwa. Tun daga ƙofar gida na gane cewa a da ban san titin unguwarmu ba. Shekara ashirin ina bin sa, ban taɓa sanin akwai tsakuwa a wajen masallaci ba sai ranar, don kowace ɗaya sai da ta gaisa da ƙashin bayana. Robar da ke tsakaninmu da ƙasa a gaba milimita 76 ce, faɗin yatsu huɗu, an kuma cika ta da iska ta zama dutse. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya naɗa wa keken ɗansa bututun roba mai iska don yaron ya daina jin jijjigar hanya. Shekara ɗari da talatin da wani abu duniya tana bin wannan ra'ayi na shagwaɓa yara, sai ga ɗan wana ya dawo da mu kan turbar magabata, zamanin amalanke.

A kan tudun rage gudu kuwa sai ka ga tarbiyya. Ya taka birki tun daga nesa, ya karkata motar, ya hau da ƙafa ɗaya, ya jira, ya hau da ta biyu, yana cije leɓe kamar mai cire ƙaya. Mai kura ɗauke da jarkokin ruwa ya wuce mu. Wata tsohuwa a bayan adaidaita sahu ta leƙo ta ce, "Sannu, ɗan nan, ko lalacewa ta yi?" Doki 435 suna ƙarƙashin bonet suna haniniya, shi kuwa ya koya musu tafiyar hawainiya. Iyaye nawa ne suke kwana da fargabar gudun 'ya'yansu? Wana ya huta, a cikin gari dai.

Da muka fita gari hanya ta buɗe, ya ɗan taka, sitiyari ya fara tausar da ya saba. Can gaba ga wani ɗan ruwa kwance a kan kwalta, faɗinsa bai fi tabarma ba. Corolla ɗin da ke gabanmu ta faɗa ta fita, ta yi ɗan tsalle ta wuce abinta. Mu muka faɗa. Ƙarar da na ji ba ta taya ba ce, ƙarfe ne ya haɗu da bakin rami ba mai shiga tsakani, har hulata ta bugi rufi ta dawo kan hancina. Muka gangara gefe. Bakin wilin dama na gaba ya lotsa ciki kamar gefen tsohuwar langa, iska tana fita tana shiii, tayar baya kuma ta fitar da ƙululu a gefe kamar ƙwan agwagwa, alamar zaren cikinta ya tsinke, kuma wannan ba ya facuwa. Ɗana ya zagaya ya duba, ya ciro hankici, ya tsuguna ya goge lakar da ta fantsama a kan ƙarafan wilin, ɗaya bayan ɗaya, har suka dawo da walƙiyarsu. Sannan ya miƙe ya ce, "Baffa, ka ga aikin gwamnati ko?" Ramin kam na gwamnati ne, ban musa ba. Santimita huɗun robar da aka cire daga tsakanin wili da ramin ne dai na san mai su.

A adaidaita sahu muka ƙarasa gaisuwar, wilin yana kan cinyarsa kamar jariri, mutane suna ta yi mana sannu suna zaton mu ma wani rashin aka yi mana.

Ta nan kuma arziki ya buɗe wa jama'a. Akwai mai gyaran wili da yake gasa shi da wutar gas ya daddake shi da guduma har ya koma kusan da'ira. Alminiyon da aka gasa aka daka ba ya komawa ƙarfinsa na da, yakan tsage daga baya, sai a kai wa mai walda, shi ma ya ci. Mai faci ya san ƙarar motar tun daga kwana. Mai saitin ƙafa yana ganin ta duk wata. Mai sayar da boris da shakazoba har gaisuwar sallah yake aiko masa. Ana ta surutun samar wa matasa aikin yi a rediyo, ga yaro shi kaɗai ya riƙe gidaje biyar da ƙafa huɗu, bai taɓa neman a sa sunansa a jarida ba. Tsofaffin wilin nan 18 kuwa, da tayoyinsu masu sauran rai, dattijon bakaniken ne ya saye su a araha. Ya ce zai ajiye masa, wai akwai ranar da zai zo nema. Ka ji rashin kyautata zato.

Yanzu motar ta fi yawan zama a ƙofar gida, kuma a nan ne ake ganin cikar hikimar, don ba a taɓa yin motar da ta kai ta kyau a tsaye ba. Da yamma yakan sa a wanke ta, ya karkata ƙafafun gaba daidai inda ba za su ciji madigadi ba, ya ɗauki hoto ta ƙasa-ƙasa ya ɗora a Instagram. A hoto ba a jin kukan boris, ba a ganin salatif.

Makon jiya aka sa bikin abokinsa a wani ƙauye bayan Bichi, ya zo da sassafe ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ko zan ara masa tsohuwar Corolla tawa, don hanyar ba ta da kyau. Tayarta 195/65 R15 ce, roba har milimita 127, irin ta marasa buri. Na ba shi. Ya je ya dawo lafiya, da mutum biyar a ciki da buhun gero da aka ba su tsaraba, ko faci bai yi ba. Da zai miƙo mini makulli sai ya tsaya ya ƙare wa ƙafafunta kallo, tausayi ya cika masa ido.

"Baffa, motar nan taka lafiyayya ce wallahi, ƙafa ce kawai ta kashe ta. Akwai wasu 19 da na gani, daga jikin Marsandi aka cire. Ramuka biyar ne su ma. Gobe in zo mu je?"

Na ce Allah ya yi masa albarka, gobe ina da unguwa. Makullin yana cikin aljihun 'yar cikina, da shi nake kwana.